Ranar da Hachimou Ya Juyo

A layinmu na Tayuri, a garin Sabha, in ka wuce masu facin taya ka karya hagu, akwai wani ɗaki rabi bulo rabi kwano, mai shuɗiyar ƙofa wadda ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da gwiwa. Nan Hachimou yake kwana Alhamis da Juma'a. Sauran kwanakin yana Ghuddwa, a gonar wani Balarabe, rabin yininsa a ƙasa rabi a sama, don hawan dabino ne aikinsa.

Mutumin Damargu ne, daga wani ƙauye gabas da Tanout. Gajere ne, siriri, ƙafafunsa a ɗan buɗe kamar har yanzu akwai itace a tsakaninsu. In yana tafiya a titi sai ka rantse ƙasa ba ta saba da shi ba. Amma ka kai shi gindin dabino, ya zagaya igiyarsa a ƙugu, ya yi bismillah, kafin ka shanye shayin da ke hannunka ya zama ɗan mitsitsi can cikin ganye. Shekara bakwai yana wannan aiki. Da sanyi ya sare busassun rassa ya kakkaɓe ƙaya. In sanyi ya fara ja da baya ya ɗebo furen namiji ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaura musu. Da kaka kuma ya yanke nonon dabino ya zuro shi da igiya a hankali, kamar mai miƙo jariri. Saboda ɗaurin furen nan muke ce masa Waliyyin Dabino. Mutum ya aurar da itace ɗari uku duk shekara, shi kuwa tasa matar tana can bayan sahara tana daka ita kaɗai. In aka faɗa masa haka, sai ya kai hannu ya rufe baki, sannan ya yi dariya.

Rufe bakin nan yana da tarihi. A shekararsa ta uku a Ghuddwa igiya ta tsinke da shi, ya faɗo da fuska a kan bakin magudanar ruwa ta siminti. Allah ya kiyaye ƙashi, amma haƙoransa biyu na gaba suka zauna a gonar, ba su sake komawa Sabha ba. Daga wannan shekara kuma furfura ta sauka a kansa gaba ɗaya, ba ta yi sallama ba. Tun daga ranar Hachimou ya yi hannun riga da hoto. A wurin suna ko ɗaurin aure, da ya ga an ɗaga waya sai ya tuna takalminsa yana bukatar gyara, ya sunkuya.

Matarsa Bassira ce, ɗiyarsu ɗaya, Rakiatou, wadda ya bari tana wata shida. Duk shekara yana cewa bana zai je, duk shekara wani abu ya gitta: ko hanya ta lalace, ko mai gona ya roƙe shi ya tsaya a gama girbi. Wayarsa irin mai maɓallai ce, ba ta san hoto ba, don haka saƙon gida ta wayar Hawa yake zuwa. Hawa ita ce mai tuwo da shinkafa da wake a bakin layi, ƴar Maraɗi, tana da keken ɗinki a ɗaki da baki wanda ya fi keken sauri. Ranar Laraba ake cin kasuwa kusa da ƙauyen su Hachimou. Bassira ta je wurin mai cajin waya ta yi magana a ɗauka, Alhamis da yamma in Hachimou ya sauko daga motar Ghuddwa, Hawa ta miƙa masa wayar tare da kwanon tuwo. Ya kan zagaya bayan bango don ya ji shi kaɗai. Abin da bai taɓa lura ba shi ne wayar Hawa murya ɗaya gare ta, mai ƙarar da ba ta raguwa. Duk layi mun san akuyarsu ta haihu biyu, mun san ranar da rufin rumbu ya faɗi.

Mun kuma san Bassira ta sha roƙon hoto. Amsarsa ba ta wuce biyu: ko rana ta yi yawa, ko sai ya samu riga mai kyau.

To, ga yadda hoto ya cim masa har saman itace.

Akwai Djamilou, wani ɗan Damagaram mai yaɓen siminti, wanda Allah ya ba murya. Yana yaɓe yana waƙa, har masu gida su kan ja kujera su zauna. Ya yi wata waƙa a kan ƴan ci-rani, ta bi wayoyi, mutane suka ce a yi mata bidiyo. Mai ɗaukar bidiyo kuwa a wajenmu ɗaya ne, Muƙaddas, Bakano mai shagon gyaran waya a unguwar Abdulkafi, wanda ke ɗaukar bukukuwa da kyamararsa. Shi Muƙaddas yana da tabo a wannan sana'a. Bara ya buga wa wani mawaƙi takardar talla, wadda su suke ce wa fosta, mawaƙin ya jingina da wata farar mota ta aro. Ranar ɗaukar bidiyo mai motar ya yi tafiya, sai aka ga mawaƙi yana takawa a ƙasa daga farkon waƙa har ƙarshenta. Wata shida Muƙaddas bai sha iska ba. In ya shigo kasuwa, daga wannan rumfa a ce, "Muƙaddas, ina motar?" daga waccan a amsa, "Tana layin mai." Ranar da abin ya ishe shi ya rantse a gaban jama'a cewa daga yau duk abin da ido ya gani a takardarsa, shi zai gani a bidiyonsa, ko da ƙuda ne.

Saura mako guda a fara girbi suka je Ghuddwa ɗaukar hoton fosta. Djamilou ya sha farar shadda, ya karkata hula, ya tsaya gindin wani dabino da ya yi nauyi da ƴaƴa, ya dafa ƙirji. Kowa idonsa yana kan Djamilou, ba wanda ya ɗaga kai. Aka buga takarda ɗari biyu, aka manna a Tayuri da Abdulkafi, bangon masu shayi da ƙofar masu aski. Sai da aka kwana biyu wani mai ido ya tsaya a gaban ta kusa da tukunyar Hawa, ya ce, "Wai wane ne wannan a saman hular Djamilou?"

Can cikin ganye, tsakanin nonon dabino, ga mutum kamar babban yatsa, ya ba duniya baya, da jar riga da ta koɗe, da koren faci a kafaɗar dama.

Hawa ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta ɗauki hoton fostar, ta matso da wurin, ta tura wa mai cajin waya.

Alhamis ta zagayo. Hachimou ya karɓi waya ya zagaya bayan bango, mu kuma muka rage hira. Muryar Bassira ta fito. Ta ce tun kafin a matso mata da hoton ta gane shi, don facin nan daga zanenta ta yanko shi, ita ta ɗinka da hannunta ranar da zai tafi. Ta ce ashe rigar tana nan. Sai aka ji ana ja-in-ja da wayar, wata ƙaramar murya ta karɓa, tana fita da ɗan fito-fito kamar iska ta kafar ƙofa.

"Baba, ina wuni. Na gan ka a sama. Na nuna ma ƙawayena su Zouhoura, suka ce ba kai ba ne, wai baya ne kawai, kowa ma yana da baya. Na ce su jira fim ɗin ya fito, za ka juyo su gan ka. Baba, za ka juyo, ko?"

Ya daɗe a bayan bangon nan har tuwonsa ya huce. Da ya zo mayar da amsa, ya gaishe da kowa har da akuya, ya tambayi gero, ya ce wa Rakiatou ta dage da zuwa lakwal, wato makarantar boko. Maganar juyowa bai taɓa ta ba.

Bidiyon da aka ce mako mai zuwa ya ja wata biyu. Da farko mai ya yi wuya a gari, ba motar da za ta kai su. Da mai ya samu, Djamilou ya kama yaɓen wani babban gida. Kafin su shirya an gama girbi tsaf, itatuwan Ghuddwa sun koma fayau. A duk makonnin nan saƙon Laraba bai fasa ba, kuma kowane saƙo da tambaya ɗaya yake ƙarewa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga Muƙaddas a shuɗiyar ƙofa, da fosta a naɗe a hammata.

"Baba Hachimou, wurinka na zo. Ka shiga takardata ba da izinina ba, yanzu kuma ba ka da hanyar fita."

"Ni aikina nike yi, ɗan Kano. Ku kuka zo ƙarƙashina."

"Na yarda. Amma mutane sun gan ka. In bidiyo ya fito babu kai, za a bar tambayata mota a koma tambayata mutum." Ya warware takardar a kan tabarma, ya danne kusurwa da takalmi. "Ga abin da nake so. Wannan itacen, ba wani ba. Wannan dabinon, na ƙirga, nono bakwai ne. Wannan rigar. Kai kuma a nan daidai, ka ba da baya yadda ka bayar. Ba motsi, ba waiwaye."

Hachimou ya ɗago. "Ba waiwaye?"

"Ko kaɗan. Baya aka gani, baya za a nuna."

Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Hachimou, irin na wanda aka ɗauke wa kaya daga ka. Nan take ya ce ya yarda. Har ya ƙara da cewa tsari abu ne mai kyau.

Matsala ta farko riga. A girbin nan ƙaya ta raba ta biyu daga wuya har ƙasa. Hachimou ya yanke koren facin ya ajiye a gwangwanin da yake sa takardunsa, ragowar kuma ya naɗe jarkar ruwansa da ita don ta riƙa sanyi. Muƙaddas ya ga jarkar, ya kama kai. Washegari ya sayo sabuwar jar riga a kasuwa, ya kara ta da fosta, sai ga ta ja wur kamar tumatir, ta takarda kuwa ta yi kalar tsohon tubali.

Hawa ta ce a bar mata. Ta jiƙa rigar a ruwan jabel mai cire kala, ta dirje ta da yashi, ta shanya a kan rufin kwano ta danne da duwatsu huɗu. Zafin ranar Sabha ba ya bukatar a roƙe shi. Duk bayan kwana biyu Muƙaddas ya zo da fostarsa, ya taka tsani, ya kara, ya girgiza kai, ya sauko.

"An zo duba amarya?" in ji Hawa. "Ba ta nuna ba tukuna. Mutane suna wahalar sayen sabuwa, kai kana wahalar tsufar da ita."

"Hajiya, saura kaɗan. Hannun hagu ya fi na dama ja."

"To ka dawo jibi da goro."

Kwana tara rigar ta yi a sama kafin Muƙaddas ya sa mata albarka. Alhamis da yamma Hachimou ya kawo facin a tafin hannu, kamar mai ɗauke da ƙwai. Hawa ta ƙi hawa keke, ta ce abin da aka ɗinka da hannu da hannu za a mayar. Ta zauna a kan benci tana soka allura, shi yana tsugune a gefe yana kallon kowane zare.

"Waliyyi," ta ce, ba ta ɗago ba, "mako tara ke nan yarinyar nan tana maka tambaya ɗaya."

"Ɗan Kano ya hana. Ya ce yadda takarda take haka za a yi."

"Yau kuma kai ne mai bin doka? Kai da Balarabe ya ce ka daina hawa ba takalmi, shekara nawa ke nan?"

Ya hau zane a ƙasa da tsinke. Can ya ce, a hankali, "Hawa, wanda Bassira ta raka tasha baƙin gashi gare shi, bakinsa cike. Shi ta sani. Shi take ba yarinyar labari. In na juyo, wani tsoho za su gani mai giɓi. Gara ta riƙe wancan."

Hawa ta ciji zare ta tofar. "Ita Bassirar, ce maka aka yi an sa ta a firiji tun da ka taho? Shekara bakwai na daka da ɗiban ruwa, kana tsammanin ta tsaya yadda ka bar ta? Ita kuma ƴar, ba saurayi take nema ba. Uba take so ta nuna da yatsa." Ta miƙa masa rigar. "Ungo. Ni dai na ɗinka nawa."

Ya karɓa. Ya ninke rigar, facin a ciki, ya tafi.

Ranar ɗauka suka isa Ghuddwa da hantsi. Muƙaddas ya sauko daga mota ya ga itace ɗari uku duk kamarsu ɗaya, ya juya fosta sama ya juya ta ƙasa, ya rasa ta inda zai fara. Hachimou ya leƙa takardar sau ɗaya ya ce, "Ta uku daga tankin ruwa, wadda ta ɗan karkata gabas. Mai ƙyuya ce, sai an sa mata fure sau biyu." Ya wuce gaba suka bi shi.

Saura ƴaƴa. Muƙaddas, da yake mai shiri ne, ya taho da nonon dabino daga kasuwar Sabha, dogaye jajaye masu sheƙi. Hachimou ya ɗaga ɗaya, ya mayar cikin kwali.

"Wannan itacen ba ta haihuwar irin wannan."

"Baba, dabino ai dabino ne. Wa zai gane daga nesa?"

"Duk wanda ya taɓa kwana a Ghuddwa. Za su ce ka ɗora ma akuya ɗan tunkiya. Kai da ka ce ko ƙuda ne."

Muƙaddas ya rufe kwalin. Hachimou ya je wurin mai gona, wanda ya saba rataye wasu nonon a ɗakin ajiya ba a tsige ba, don baƙi da azumi. Balaraben ya ji bayani, ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce shekara sittin yana ganin ana sauke dabino, yau zai ga ana mayar da shi. Ya ba da bakwai, irin na itacen, ya ɗauko kujera ya zo kallo.

Hachimou ya hau. Kowane nono ya jawo shi da igiya, ya nemi kututturen da ya yanke da laujensa wata biyu da suka wuce, ya ɗaure a kai da zaren kaba, ya ɓoye ƙullin cikin ganye. Muƙaddas yana ƙasa, fosta a hannu ɗaya, ɗayan yana kare rana.

"Na hagun can ya sauko kaɗan. Ya yi yawa. Mayar. Yauwa. Na tsakiya ya leƙo gaba."

"A takarda iska ce ta tura shi."

"To ka zama iskar, Baba."

Shi ma Djamilou bai tsira ba. A wata biyun nan ya tara gemu, ya kuma tara ɗan tumbi, don masu babban gidan suna ciyarwa. Gemu dai Muƙaddas ya sa almakashi ya mayar da shi yadda yake a takarda. Tumbi kuwa aka ce ya riƙe numfashi. Sai suka zauna jiran rana, don hoton fosta bayan la'asar aka ɗauke shi, inuwar itacen ta kwanta ta gabas, kuma Muƙaddas ya ce inuwa ma tana cikin alkawari.

Da lokaci ya yi, Hachimou ya sa jar riga, ya sake hawa, ya tsaya daidai inda yake a takarda. Tsarin Muƙaddas shi ne bidiyo ya buɗe da hoton fosta sak, kamar takardar ce ta farka. Daga nan kyamara ta bar Djamilou, ta bi jikin itace a hankali har ta kai ga koren faci, ta ɗan tsaya, ta sauko. Aka kunna waƙa a lasifika.

Ɗauka ta farko, hular Djamilou ta zame. Ta biyu, numfashinsa ya ƙwace. Duk biyun Hachimou bai motsa ba, kamar an sassaƙa shi a jikin itacen.

"Wannan ce ta ƙarshe," in ji Muƙaddas. "Rana za ta tafi. Baba, haka nake so, kar ka canja komai."

Daga inda yake, fuskarsa kudu take kallo. Ya san wannan kallon. Shekara bakwai, duk itacen da ya hau, in ya kai ƙarshe sai ya ɗan tsaya ya dubi inda kore ya ƙare yashi ya fara, da baƙin titi da ya miƙe ya shige cikinsa. Ta can ya zo. Can ƙarshen yashin akwai wata yarinya da bai san tsawonta ba, bai san ko da wa take kama ba, wadda ta tsaya a gaban ƙawayenta ta ɗauki alkawari da sunansa ba tare da ta tambaye shi ba, don ba ta taɓa kawowa a ranta cewa ubanta zai ƙi ba. Ya tuna Laraba mai zuwa, ko ta bayanta, za a taru a rumfar mai caji, kawuna su haɗu a kan waya ɗaya. Kyamara ta hau, ta hau, ta kai ga faci. Rakiatou ta ce, ku tsaya ku gani. Kyamara ta sauko. Su Zouhoura su dube ta.

Waƙa ta kai inda aka ce masa a nan kyamara take isowa kafaɗarsa. Ya ji wurin facin yana masa ɗumi kamar an dafa shi.

Ya gyara ƙafa a kan kututture, ya saki nauyinsa a kan igiya, ya juyo.

Hannunsa na dama ya taso da kansa zai je baki, yadda ya saba. Ya kai rabi. Hachimou ya mayar da shi ya dafa itace. Ya dubi ɗan baƙin gilashin da ke can ƙasa, rana tana dukan furfurarsa, ya yi murmushi da duk abin da ya rage masa a baki.

Muƙaddas bai ce a tsaya ba. Kyamarar ma ta daɗe a sama fiye da yadda aka tsara, sannan ta sauko.

Da Hachimou ya taka ƙasa, ya tarar da shi tsaye, hannu a ƙugu.

"Baba, me na ce maka?"

"Ka ce kar in juyo."

"To?"

"Na juyo."

Muƙaddas ya dubi yamma. Rana ta riga ta shige bayan itatuwa, inuwar alkawari ta tafi. Djamilou ya karɓi kyamara ya mayar da wurin baya, ya kalla, ya sake kalla, ya ce shi dai in za a bi tasa, kar a taɓa wannan, don abin da yake ta ƙoƙarin faɗa ke nan a baiti biyar.

"Ɗiya gare ni a gida," in ji Hachimou, yana naɗe igiya, idonsa a kanta. "Ba ta taɓa ganin fuskata ba. Ta gaya ma ƙawayenta zan juyo."

Muƙaddas ya ciro ƙyalle ya hau goge gilashin kyamara, ya goge, ya goge, gilashin da ba abin da ya same shi. Can ya yi gyaran murya.

"Damuwar ita ce, yanzu bidiyo yana da abin da fosta ba ta da shi. Ni kuma na rantse."

Mun ɗauka zai yanke wurin. Ba mu san Muƙaddas ba. Bayan kwana uku aka gan shi yana bin bango bango da gam da tarin ƴan takardu zagayayyu kamar bakin kofi. Duk fostar da ta rage a Tayuri da Abdulkafi, sai da ya manna mata ɗaya a kusurwar sama, kusa da ɗan mutum mai jar riga. A jiki fuskar Hachimou ce, furfura, giɓi da komai. Ya ce tunda bidiyo ya ƙi bin takarda, takarda za ta bi bidiyo. Mutumin da ya yi shekara huɗu yana gyaran takalmi don gudun hoto ɗaya, ya sauko daga motar Ghuddwa ya tarar da kansa yana yi wa kansa murmushi daga kowane bango. A ranar, sanye da rawani ya shigo layi, ya ja shi har hanci.

Hawa ta tura bidiyon ranar Talata. Alhamis da yamma ba wanda ya yi nisa da tukunyarta. Hachimou ya karɓi waya, ya nufi bayan bango, ya tsaya, ya dawo ya zauna a kan benci. Wataƙila a ranar ya gane bangon bai taɓa tare komai ba.

Bassira ce ta fara. Ta yi gaisuwa doguwa, kamar mai tsoron isa inda za ta. Sannan ta ce, "Malam, ka tsufa. Ni ma haka, sai ka gani. Sau shida na sa aka maimaita mini. Rigar ba ita ba ce, amma facin nawa ne. Wa ya mayar maka da shi? Ɗinkin ya karkace."

"Ji mata," in ji Hawa, tana goge ido da bakin gyale. "A ce mata ta zo ta gyara."

Sai ƙaramar muryar nan mai fito-fito ta shigo da gudu, ko gaisuwa babu.

"Baba, ka juyo. Su Zouhoura sun gani, sun ce lalle kai ne, wai bakinmu ɗaya. Ashe kai ma naka sun fita. Nawa biyu ne na gaba, na jefa su kan rufi. Inna ta ce in ban riƙa sa harshe a wurin ba, sababbi za su fito da wuri. Kai ma ka daina sa harshe, ka ji?"

Hachimou ya yi dariya. Hannayensa biyu suna riƙe da waya, bai saki ko ɗaya ba. Ya yi ta yi har ruwa ya gangaro ta gefen hancinsa, mu kuma kowa ya samu abin kallo a cikin kwanonsa.

Da ya lafa, ya juya wayar gaba da baya, ya miƙa wa Hawa.

"Ina ake dannawa a ɗauki mutum?"

"Rana ba ta yi yawa ba?" ta ce. "Ko mu jira riga mai kyau?"

"Ɗauki dai. Ki kuma ce ma Bassira ta sa a ɗauko min su, su biyu. Yarinyar ta buɗe baki in gani."

Ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya tsaya a gaban shuɗiyar ƙofarsa da ƙafafun nan nasa a buɗe. Sau huɗu Hawa tana ɗauka, don duk lokacin da ta danna sai ya lumshe ido.